Kifin da Ba Ya Hawa Sikeli

Da hutunmu na aji biyar na sakandare, yayata ta dawo Yauri daga jami'a da bincike a kan girman kifin tafki. Wata hanyar lissafi take koyo, wai Bayesiyan. Ta ce mana da ita mutum yakan fara da abin da yake zato, sai ya riƙa gyara zaton da kowane sabon awo. A Warra, wani gari na bakin tafkin, za ta ƙarasa binciken. Ni ce mai zuwa ta ɗaya a lissafi, don haka ban yi shakkar cewa da ni za ta tafi Warra ba, tunda mutum ɗaya za ta ɗauka.

Kowace safiya muna bakin ruwa. Ina rubuta nauyin kifi a littafina, 'yar kawuna, sa'ata, tana riƙe da sikeli tana ta surutu da masunta. Ko jadawalin sau bakwai ba ta riƙe ba.

Tun rana ta biyu na lura cewa kafin jirgi ya taɓa gaɓa, masunci kan ware kifi mafi girma ya tura ƙarƙashin tabarma, na miyar gida. Kunya ta hana ni magana. Sai dai duk jirgin da na ga an yi haka, nakan ɗiga ɗigo a gefen layinsa.

Kwamfutar yaya ta dinga nuna kifin ya fi zatonta ƙanƙanta. Ta zargi zaton nata, ta zargi sikelin. Ran nan muna cin tuwo, 'yar kawu ta ce, bakinta cike:

"Yo Yaya, wa zai kawo miki na miya ki auna?"

Yaya ta ajiye loma, ta sa ta maimaita. Har rungume ta ta yi, ta ce da ita za a je Warra. Inna ma ta ƙara mata nama. Na tsame hannuna daga kwanon.

Ana gobe tafiya, yaya tana duba littafina ta tambayi ma'anar ɗige-ɗigen. Na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana juya shafukan.

"Kwana tara kina gani? Mi ya hana ki faɗi?"

Ta ce ɗigon nan zai gyara mata lissafin gaba ɗaya, amma ta riga ta yi wa 'yar kawu alkawari.

Da safe na raka su bakin ruwa. Littafina ya shiga jirgi a hannun 'yar kawu, ta naɗe shi tana fifita da shi.