Gishirin Baba Kuku

Tun yana saurayi yake aikin girki a wani babban otal, har furfura ta same shi a gaban murhu. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Kuku yake ce masa, har matarsa in tana so ta tsokane shi. Da wankin tukwane ya fara, ya hau yankan albasa, daga nan aka danƙa masa wuƙar kifi, a ƙarshe ya zama shi ne mai ɗanɗano. Ba tukunyar da za ta bar kicin ɗin nan ba ta bi ta bakinsa ba. Cokalinsa a aljihun gaba yake zama, inda wasu ke soke biro. Sai ya ɗebo, ya hura, ya lumshe ido, ma'aikata su yi tsit suna jiran hukunci. In ya ce saura kaɗan, sai a miƙo gishiri. Ya sha faɗa cewa awo na masu koyo ne, shi sikelinsa a bakinsa Allah ya ajiye masa.

Da ya yi ritaya bai san inda zai kai hannuwansa ba, sai ya kai su kicin ɗin matarsa. Ita kuwa ba ta ja da shi ba. Ta matsa gefe ta ba shi wuri, ta koma yankan kayan miya tana kallon ikon Allah. Baba Kuku ya lura cewa mutanen gidansa sun zama masu yawan shan ruwa a kan abinci, ya ɗora laifin a kan zafin gari. Ya kuma lura cewa duk lokacin da miya ta kusa sauka, sai matarsa ta tuna da wani abu da ke bukatarsa a waje: ko ana buga ƙofa, ko famfon bayi yana ɗiga, ko ta ji kamar wayarsa tana ƙara a ɗaki. Yakan je ya duba ya dawo bai ga komai ba. Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mata kunne, har yana tausaya mata.

Autarsu ce ta kawo akwatin gilashi na kiwon kifi. Ta ce likita ya ce Baba ya rage tsayuwa a gaban wuta, ya sami abin da zai riƙa kallo a zaune. Ba irin kifin kogi ta zaɓa ba, na teku ne, masu launi kamar an yi musu fenti. Mai shagon kifi da kansa ya zo ya kafa akwatin a falo, kusa da taga. Ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsu masu ramuka, ya haɗa ɗan injin da ke ta da kumfa, ya dama ruwa da wani gishiri na musamman da ke zuwa a leda. Ya ce a bar ruwan ya kwana biyu ya zauna kafin a kawo masu gida. Kafin ya tafi ya miƙa wa Baba Kuku wani ɗan ma'auni na roba mai allura a ciki. A cika shi da ruwan akwatin, in ji shi, inda allurar ta tsaya nan gishirin yake, kuma kada ta wuce koren layi.

Baba Kuku ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya jefa ma'aunin a aljihun kabad, cikin tsofaffin makullai da batiran da suka mutu. Shi za a koya wa gishiri?

Da aka kawo kifayen, ɗaya ne ya shiga ransa, wani ɗan rawaya mai tsinin baki. Ba ya zama wuri guda. Ya leƙa wannan rami, ya duba bayan wancan dutse, ya dawo ya tsaya a gaban gilashi yana kallon mutum kamar an yi masa laifi. Baba Kuku ya ce ai wannan Manaja ne, haka wani manajan otal ɗinsu yake shigowa kicin yana buɗe murfin tukwane ba a gayyace shi ba. Sunan ya bi shi. Kullum da safe sai ya ja kujera ya gaishe da Manaja, ya tambaye shi kwanan iyali. Matarsa ta ce ita dai ta ga abin mamaki, mutumin da ya farke cikin kifin da ba zai ƙirgu ba yau shi ne ke tambayar kifi yadda ya kwana. Ya ce mata waɗancan a kan aiki suka haɗu, wannan kuwa abota ce.

Ruwan akwatin yakan ragu saboda zafi, kuma Baba Kuku ya san tukunya: in ruwa ya ƙone sai a ƙara ruwa. Yakan ƙara daga bokitin da mai shago ya ce a riƙa ajiyewa ya kwana. Har nan bai yi kuskure ba. Sai dai bayan ya ƙara, hannunsa yakan tafi aljihun gaba da kansa. Ya ɗebo, ya lumshe ido, ya ji ruwan lami. Teku guda a ce ba gishiri? Sai ya jawo ledar, ya dama ɗan kaɗan a kofi, ya zuba. Washegari ya sake ɗanɗanawa, ya ji har yanzu saura kaɗan.

Ba a daɗe ba Manaja ya daina zagayen duba aiki. Ya koma bayan dutse ya laɓe, rawayarsa ta dushe kamar tsohuwar riga, gefen kansa yana buɗewa yana rufewa da sauri. In an barbaɗa abinci sauran su taso a kasalance, shi ko kallo ba ya yi. Hankalin Baba Kuku ya tashi. Ya zargi abincin, ya canza. Ya zargi hasken taga, ya saki labule. Ya zargi wani shuɗin kifi da cin zali, ya yi masa faɗa ta gilashi. Daga baya ya yanke cewa kewar gida ce ke damun Manaja, an raba shi da teku an jefa shi a ruwan da bai ji gishiri ba. Maganin wannan kuwa yana cikin leda.

Wata rana bayan abincin rana ya shiga ɗaki zai kishingiɗa, barci ya ƙi zuwa saboda tunanin majinyacinsa. Ya fito a hankali ba takalmi. Sai ga matarsa a gaban akwatin, ta ba ƙofa baya, ta kare abin da take yi da jikinta. Da hannu ɗaya ta kwashe kofi guda na ruwan akwatin, da ɗayan ta tsiyaya na bokiti ta gefen gilashi, a hankali, ba ƙara, ba fantsama. Kafin ya ƙifta ido ta goge bakin akwatin da gefen mayafi. Abin da ya tsaya masa a rai ba ruwan ba ne, gwanintar ce. Mutum ba ya iya irin wannan a rana ɗaya.

"Hajiya, wannan hannun naki ba yau ya fara ba."

Ba ta firgita ba. Ta ajiye kofin, ta juyo. Ta ce ta ga ruwan ya ɗan ragu ne. Ya ce ba ragin ruwa ya tambaya ba, tambaya yake tun yaushe famfon bayi yake ɗiga daidai lokacin sauke miya. Ta gyara mayafi, sannan ta ce:

"Malam, mu in abin ya yi mana yawa muna tashi mu sha ruwa. Shi wannan bawan Allah a cikin miyar yake kwana."

Ya tsaya yana kallon Manaja, Manaja yana haki a bayan dutse. Ya so ya yi fushi, amma bai san da wa zai yi ba. Can sai ya ɗauko wata ƙaramar kwalba, ya cika ta da ruwan akwatin, ya sa hula ya fita.

A shagon kifi ya gaisa da mai shago, ya yaba tsabtar wurin, ya tambayi kasuwa. Sai da suka gama wannan duka ya fito da kwalbar. Ya ce wani maƙwabcinsa ne ya ga nasa akwatin ya yi sha'awa ya sayi irinsa, to kifinsa ba ya jin daɗi, shi ne ya ce bari ya taimaka masa ya kawo ruwan a duba. Mai shago ya zuba ruwan a ma'auni. Allurar ta tashi, ta wuce koren layi, ta je ta kwanta a can sama kamar mai neman hanyar fita. Ya girgiza ma'aunin, ya sake zubawa. Ya dubi Baba Kuku, ya dubi kwalbar, ya ce cikin ladabi a tambayi maƙwabcin nan ko kiwon kifin yake so ko adana shi.

Baba Kuku ya ce ai shi ma ya faɗa masa.

Mai shago ya yi bayani: kada a sauke gishirin a tashi ɗaya, kifin ba zai ɗauka ba. A riƙa kwashe kaɗan ana mayar da ruwan da ya kwana, kullum kaɗan, ana aunawa, har allura ta dawo layi. Kuma a ɓoye wa maƙwabcin ledar gishiri. Ana cikin haka wata mata ta shigo sayen abincin kifi, ya juya wajenta.

Baba Kuku ya tsaya shi kaɗai a gaban babban akwatin shagon. Cike yake da 'yan'uwan Manaja, rawaya shar, suna ta kai da kawowa cikin ƙoshin lafiya. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Cokali ya fito. Ya ɗebo, ya kai baki, ya lumshe ido, ya jira. Lami. Ya sake ɗebowa don kada ya zalunci kansa. Lami dai, kamar ruwan wanke shinkafa, ga kuma kifaye suna wasa a ciki. Ya daɗe a tsaye da ido a rufe. Da ya buɗe, sai ya ga mai shago ya mai da hankali sosai a kan wata leda da ba ta bukatar ɗauri.

A hanyar gida bai shiga mota ba, da ƙafa ya tafi. Ya tuna baƙin da suka riƙa yaba girkinsa idonsu na ƙwalla, da surukinsa da kullum yake cewa ya riga ya ci a wurin aiki.

Ya sami ma'aunin a inda ya jefa shi, ya wanke shi. Daga ranar, kowace safiya kafin matarsa ta fito, sai ya kwashe kofi, ya mayar da kofi, ya ɗaga robar sama yana kanne ido ɗaya. Allurar tana saukowa a hankali kamar mai ciwon gwiwa a kan matakala. Wani lokaci hannunsa ya nufi aljihu, sai ya dafe shi da ɗayan. Manaja bai mutu ba, amma bai fito ba. Baba Kuku ya rage hira, ya rage ci, har ya bar wa matarsa kicin, wai jinya ta yi masa yawa. Ita kuwa ta karɓa, har an ji ta tana 'yar waƙa a gaban murhu.

Ranar da allura ta zauna a kan koren layi, ya barbaɗa abinci ya koma kujera ba ya sa rai. Sai ga ɗan tsinin baki ya leƙo daga bayan dutse. Ya fito, ya tsaya, ya yi sama a hankali ya cafki ƙwaya ɗaya. Ya tofar. Ya sake cafka, wannan karon ya haɗiye. Baba Kuku bai motsa ba, sai da ya ga ta biyu da ta uku sun wuce, sannan ya kira matarsa ƙasa-ƙasa, kada ya firgita mai jiki.

Ta zo tana goge hannu, ta sunkuya ta duba. Ashe mai shago ya yi wa Auta waya tun ranar, Auta kuma ba ta iya riƙe magana. Matar ta miƙe, fuskarta ba alamar dariya.

"To Alhamdulillahi. Yaya kuma mai jikin maƙwabcinmu?"

Baba Kuku bai ɗauke ido daga gilashin ba.

"Da sauƙi," ya ce. "Mutumin kirki ne maƙwabcin nan, a riƙa yi masa haƙuri. Matsa kaɗan, Hajiya, kin tare wa Manaja haske."