Barcin Mushe Muttaƙa a gindin gawo

Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Tsarnawa, ba wanda ya taɓa ganin haƙarƙarina a ƙasa da rana tsaka. Mushe Muttaƙa ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, kuma na ɗauki sunan nan kamar rawanin sarauta. In gyangyaɗi ya kama ni a ƙofar gida, sai in tara littattafan yara a gabana, in riƙe jan biro, don mai wucewa ya ce Mushe na aiki. Wasu littattafan sau uku na gyara su.

Bara, ana gab da babban hutu, jiri ya kwashe ni a gaban allo. Likita a Birnin Konni ya ce hawan jini ne, in ban riƙa kwanciya da rana ba, wata rana ɓarin jikina ne zai kwanta ba da shawarata ba. Na tsorata ƙwarai. Amma damina ce, gari duk ya watse gona. Ƙato kamata a kan tabarma, mata na wucewa da furar manoma? Kunya ta hana ni.

Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na saɓi hauya, na ce wa matata Barira na tafi noma. Na yi nisa inda ba kowa, na sami wani babban gawo, na miƙe a gindinsa kamar ɓarawo. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa yara cewa gawo ba ya ganye da damina, ban ɗaga kai na duba ba. Rana ta gasa ni son ranta.

Tsoho Alhasan, wanda 'ya'yansa shida suka bi ta ajina, shi ya tashe ni da ƙotar hauyarsa.

"Mushe, mi kaka yi nan? Shanya ka akai?"

Na fara kame-kame, wai ƙasar nake dubawa. Sai ya ja hannuna zuwa wata tsamiya a bayan gonarsa. Magidanta sun fi goma a ƙarƙashinta, kowa ya yi matashi da takalminsa, minshari kamar injin niƙa. Mutanen da na kwashe shekaru ina jin kunyar su ke nan.

"Kullum haka kuke?" na tambaye shi.

"Tun kakanninmu. Jaki ma muna sauke mai kaya in rana ta take. Mu dai mun ɗauka gwamnati ce ta hana ku, har tausai kaka ba mu."

Ya matsar da ƙafar wani, ya yi mini wuri. Na kwanta, idona ya cika da ƙwalla. Ban farka ba sai la'asar sakaliya, kuma ba wanda ya tambaye ni ina jan birona.