Angon da ya shiga akwatin masallaci

Na so in bar labarin nan a cikina, don wanda ya yi ɓarnar yayan matata ne, kuma har yau a gidansa nake cin tuwon sallah. Amma bari dai in faɗa.

Lokacin ina aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, a Dubai, ɗakinmu ɗaya a Al Nahda da wani tela Ba'indiye, dattijo marar hayaniya. Yana da wata tsohuwar takarda da ya gada tun daga kakanni, falle guda daga littafin da aka rubuta da hannu. A gabanta zanen bikin ɗan sarki ne: giwaye da kwalliya, mata sun leƙo ta saman bene, makaɗa, masu fitilu, ga ango an sakar masa labulen lu'ulu'u a fuska sai ka ce shi ne amaryar. A bayanta kuwa rubutun Farisanci ne, baƙaƙensa irin na Larabci. 'Yarsa za ta yi aure, kuma a gidansu amarya ba ta fita sai an danƙa mata takardar nan. Washegari zai tashi zuwa gida wurin bikin.

Ya cire ta daga gilashinta da ya tsage, ya rufe zanen da farar takarda, ya kife a kan gado, muka sauka neman kwalin da za a saka ta. Yaya kuwa, da ya zo saro atamfa daga Kano ya sauka wurinmu, yana banɗaki.

Muka dawo, babu takarda.

Telan ya ɗaga katifa, ya zazzage jaka. Can sai ga Yaya ya shigo da carbinsa.

Na ce, "Yaya, ba ka ga wata takarda ba?"

"Wacce fanka ta jefar ƙasa? Ku dai ba ku da tsoron Allah. Rubutun Larabci a inda ake taka takalmi. Na kai ta akwatin masallaci, inda ake zuba tsofaffin shafukan Alƙur'ani."

Na san akwatin, na kuma san in an kwashe, ƙonawa ake yi ko a binne. Ban tsaya fassara wa telan ba, na ja hannunsa.

Zafin la'asar, muna gudu da silifa, Yaya a baya yana haki. Ladanin, wani Basudane, ya ce yau masu kwasa za su zo, makulli kuma yana wurin liman, liman yana barci. "Shuwayya, shuwayya," in ji shi, wato mu bi a hankali. Muka tsaya muna gadin akwati, duk motar da ta rage gudu sai in tare gaban akwatin.

Da aka buɗe, tana nan a sama, cikin farin hankicin Yaya, tana ƙamshin turarensa. Sai dai ya ninke ta biyu don ta shiga bakin akwatin. Layin ninkin ya ratsa wata giwa, ya tsaya dab da ƙafar ango.

Yaya ya ga zanen, ya cire hula, ya mayar. "Wallahi sai da na yi alwala na ɗauke ta."

Na fassara. Telan ya rungume takardarsa muka koma.

Da safe a filin jirgi, har telan ya yi gaba sai ya juyo, ya ce gidansu ba wanda ya taɓa yi wa takardar nan haka. Na fara ba shi haƙuri a kan ninkin, ya tare ni.

"Ba ninkin ba, habibi. Da gaske sai da ya yi alwala kafin ya taɓa ta?"