Bari Tukuna

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma har na tsufa ban daina ba. Shayi da zafinsa nake kurɓa, ƙofa tun ba a gama buɗewa ba nake sa kafaɗa. Saboda haka duk wanda ya san ni a unguwarmu Karantina sai da ya yi dariya ranar da ya ji an ɗauke ni aikin da mafi yawansa zama shiru ne.

A Jidda aka haife ni. Babana da ƙafa ya zo aikin hajji tun yana saurayi, ya sauke farali, ya zauna, ya buɗe rumfar nama. A gida can makaɗin mahauta ne, da kalangunsa ya tsallako teku, amma tunda ya taka ƙasar nan bai sake sa shi a hammata ba. Yana rataye a ɗakinsa cikin tsohon buhu, tsirkiyoyin sun bushe. Bai taɓa yi mini zancen kiɗa ba, ko na yabo ko na tsiya. Da na girma na zama mai ganga a filin mizmar, wasan sandan nan da samarin unguwa ke yi kewaye da wuta, abin da ya ce kawai shi ne kada wuƙa ta jira ni da safe. Ban bari ta jira ba. Da rana ina sarar ƙashi a rumfa, ranar biki kuma in daki fata har tafin hannuna ya tsage. A mizmar ba a tsayawa. Wanda hannunsa ya mutu sai a janye shi a zaunar da wani.

Cikin shekarun alif ɗari tara da sittin ne wani attajiri mai son kiɗa ya tara makaɗa a babban gidansa na unguwar Sharafiyya. Ya ɗauko Misirawa da mutanen Sham, ya haɗa da 'yan gari, har suka fi ashirin. Akwai masu kamanja, wato gogen Larabawa mai tsirkiya huɗu, akwai udu mai kama da garaya, akwai ƙanun mai tsirkiya barkatai da ake kwantarwa a cinya, akwai mai sarewa, ga kuma wani dattijo Bamisire da ke tsayawa a gaba da 'yar sanda, kowa na ce masa Ustaz. Duk shekara idan zafi ya sassauta, manya suka sauko daga tsaunukan Ɗa'if inda suke gudun zafi, sai a buɗe lokacin wasa da biki na kwana uku a farfajiyar gidan, a yi tsofaffin kiɗe-kiɗen da aka gada, waɗanda ake saurare a zaune cikin natsuwa. Wani Bahaushen Sudan da ke cikin masu kamanja shi ya gan ni a filin mizmar, ya kai ni. Babbar ganga suke nema wa mai hannu. Ustaz ya ce in buga, na buga, ya ɗaga gira ya ce in dawo gobe.

A lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ina son wurin nan kamar raina. Ban taɓa jin abin da ya kai daɗin kamanja goma suna jan numfashi tare ba. Ranar farko da na ji, tsigar jikina ta tashi, na ce wa kaina daga nan ba mai fitar da ni.

Matsalar ita ce kiɗan buɗe biki. Ustaz da kansa ya tsara shi, dogo ne, kuma rabona a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Sai in zauna, in zauna, in ƙara zama, kowa na aikinsa ni ina kallon keyar mai ƙanun, sannan can kusa da ƙarshe in shigo da bugu uku masu nauyi, daga nan ne ganga ke riƙe kowa har a sauka. An ba ni takarda mai layuka da ɗige-ɗige, abokina na Sudan ya koya mini yadda ake ƙirga wuraren shiru. Na koya, ba wuya gare shi ba. Amma da na fara ƙirge sai daɗin kiɗan ya ɗauke mini hankali, lissafi ya ɓace, hannuna ya ce lokaci ya yi. Kullum kafin lokaci nake faɗowa. Kowa ya tsaya cak, ni kaɗai da ƙarar gangata a tsakiyar fili kamar wanda ya yi atishawa a sahun salla.

Ustaz ya yi haƙuri iyakar na Bamisire. Wata rana ya kwantar da sandarsa a hankali, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya waladi, ɗana, hannunka zinariya ne, kanka kuma kasuwa. Wa ke korarka?"

"Ba kowa, ya Ustaz."

"To halas, magana ta ƙare. Ranar buɗe biki idan ka shigo mini kafin lokaci, ko da ƙiftawar ido ne, gangar nan ta koma hannun wancan." Ya nuna mai tambari ɗan Sham, wanda dama ya daɗe yana yi wa kujerata kallon nama. "Ka koma wajen sandunanku, can ba a jiran kowa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da a unguwa ne da na ba shi amsa. Na haɗiye, na ce masa in sha Allahu, a zuciyata kuwa na rantse ɗan Sham ba zai ɗora hannu a kan fatar nan ba.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na zauna a kan hannuwana, suka yi sanyi, da lokaci ya zo na kasa ɗaga sanda. Na ƙirga da carbi, na ƙirga da yatsun ƙafa. A rumfa ina sara ina ƙirge a baki, har na yanka wa wata tsohuwa ninkin abin da ta ce, Baba ya dube ni, ya mayar da rabin kan ƙugiya. Na ƙirga da Larabci, na ƙirga da Hausa, duk a wuri ɗaya nake ɓacewa, inda sarewa ke yin wani ɗan juyi tana maimaitawa, kamar za ta gama ba ta gama ba.

Saura 'yan kwanaki biki, na dawo gida da rana a gajiye, juyin sarewar nan na ta yawo a kaina. Uwar yara ta sauke tukunyar shinkafa da kifi, tururi na tashi. Kamar yadda na saba, na miƙa hannu tun ba ta zuba ba. Ta kaɗe mini hannu da bayan ludayi.

"Bari tukuna!"

Na tsaya da hannu a sama. Muryarta ta faro daga ƙasa ta hau, ta sauka sau biyu ta sake hawa, daidai yadda sarewar ke yi, ba ragi ba ƙari.

"Sake faɗa," na ce mata.

"Maigida, lafiyarka kuwa? Na ce bari tukuna, zai ƙona ka."

Ta zuba, ta fifita da faifai, ta turo mini akushin. "To bismilla."

Na fashe da dariya har yaran suka tsorata. Ai abin da masu kamanja ke faɗa ke nan idan sarewa ta yi shiru, su ja baka ɗaya mai tsawo su sauko. Ashe tun farko magana ake yi mini da Hausa, ni ina can ina lissafi. Ta ce idan kiɗan Larabawan nan zai taɓa mini kai, gara in koma mizmar.

Washegari na ninke takardar na sa a aljihu, na buɗe kunne. Sarewa ta ce bari tukuna, na bari. Ta sake faɗa, na ce na ji. Ta yi ta faɗa har ta gaji, masu kamanja suka ce to bismilla, na sauke sanda. Ustaz bai tsayar da kowa ba, muka tafi har ƙarshe. Bai yaba ba, ya ce a ɗaki kowa gwani ne, sai ranar da aka cika fili za a sani. Ban gaya wa kowa sirrina ba, ko abokina na Sudan, don kada Misirawa su ji su mayar da ni abin dariya.

Ranar buɗe biki bayan la'asar aka fara. An yayyafa wa farfajiyar ruwa, an shimfiɗa darduma, an jera kujeru, manya sun cika gaba da fararen kaya, ƙamshin turaren wuta ya gauraye da iskar teku. Damshin Jidda ya sa fatar gangata ta saki, sai da na gasa ta a kan kaskon gawayi a bayan fage har ta ɗaure. Na fito na zauna cikin sabuwar riga, na ɗora hannuwa a gwiwa. Ustaz ya ɗaga sanda.

Ana cikin tafiya na ɗaga kai, sai na hango shi. Can baya wajen ƙofa, inda direbobi da masu raba gahawa ke tsayawa, ga Baba da rigarsa ta Juma'a. Ban gayyace shi ba. Daga baya na ji uwar yara ce ta gaya masa, ya rufe rumfa da wuri, ya tako tun daga Karantina.

Wallahi duk wahalar da na sha a baya wasa ce. Mutumin da bai taɓa zuwa ya ji kiɗana ba, yau ya zo, ga ɗansa zaune kamar an dasa shi, kowa na aiki shi yana riƙe da gwiwa. Kunya ta kama ni. Hannuna ya fara ƙaiƙayi, wata zuciya na ce mini ɗan taɓa kaɗan mana, a hankali, ya san dai ba zaman banza ka zo ba. Gumi ya gangaro mini ta baya. Ɗan Sham na gefe yana satar kallona. Sarewa ta ɗauko juyinta, wani daga cikin manya ya ce "Allah!" da ƙarfi don daɗi, wasu suka amsa, Ustaz ya yi wa mai sarewa alama ya ƙara. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa, fiye da yadda muka saba. Na damƙe gwiwata har farce ya shiga nama. Na ce ko za ta kai magariba tana faɗa, ba zan motsa ba sai an ce mini bismilla.

Da na sake duban ƙofa, na lura da gwiwar hannun Baba ta hagu. Tana matse haƙarƙarinsa tana saki, tana matsewa tana saki, kamar akwai kalangu a hammatar. Fuskarsa kuwa ba ta nuna komai.

Masu kamanja suka ja dogon bakansu suka sauko. Na ɗaga sanda na ba fatar nan uku, na ji ƙarar ta daki katanga ta dawo mini a ƙirji. Daga nan na ɗauki mutum ashirin a kan gangata har muka sauka tare.

Ana tafi, Ustaz ya biyo ta gabana yana goge wuya da hankici. Bai tsaya ba, ya dai ƙwanƙwasa bakin gangar da sandarsa ya ce, "Bukra, kada ka makara." Gobe ke nan. Kujera ta zama tawa, kuma na shekara goma sha wani abu a kanta.

Na sami Baba a waje ana kiran magariba. Na durƙusa na gaishe shi, muka kama hanyar masallaci. Ina jiran ya tambaye ni ko wannan zaman ne aikin da nake baro masa rumfa dominsa. Sai da muka kai bakin famfon alwala ya juyo gare ni.

"Mai sarewar nan Bahaushe ne?"

"A'a, Baba, mutumin Sham ne. Ko sannu bai sani ba."

"Ikon Allah." Ya naɗe hannun riga. "Ya yi ta ce maka bari tukuna, bari tukuna. Ni da na san halinka, gabana sai faɗuwa yake, na ce yaron nan ba zai ji ba."

Hawaye suka cika mini ido, na sunkuya kamar ina gyara takalmi. Ban gaya wa kowa sirrin nan ba, kuma ga wanda ya yi shekara arba'in bai ɗora hannu a fatar kalangu ba ya ji da kunnensa daga bakin ƙofa.

Ya buɗe famfo, ya matsa mini wuri a gefensa.

"To bismilla," ya ce.