Tarun da Bai Daina Kamu Ba

Jiya 'yata ta zo daga jami'a da zaren saƙa taru da suke bincike a kai, na roba mai ruɓewa idan ya daɗe a ruwa. Na gwada shi da haƙori, yadda marigayi Baba yake yi.

Shekarar da tafkin Kainji ya cika, masuntan Yauri suka koma tarun roba. Baba ya riƙe na auduga, hannunsa kullum warin bagaruwar da yake jiƙa tarun a ruwanta. Muna ta yi masa dariya, har ranar da muka jawo ɓataccen tarun roba cike da matattun kifaye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai shi ya manta, shi kuwa bai daina kamu ba."

Baba, jikanyarka ta ji ka. Allah Ya kai haske kabarinka.