Saƙon da Othniel ya binne a 2006

Othniel ɗan unguwar Dogarawa ne. Shekara bakwai ya yi yana koyar da lissafi a firamare, kafin ya ajiye alli ya kafa tebur da tsohuwar kwamfuta a bakin wani shagon waya a Sabon Gari. Sana'arsa zuba wasanni a waya. Tun daga Samaru ɗalibai ke hawo bas su zo wurinsa, don shi ya iya emuleta, manhajar nan da ke sa waya ta buga wasannin ƙaramar na'urar wasa ta hannu. Manhaja ce mai taurin kai. In ta ce babu lasisi, Othniel ya san fayil ɗin da zai sa da inda zai ajiye shi. In ta ƙi shiga, wai wa'adinta ya ƙare, sai ya mayar da kwanan watan wayar shekara biyu baya, ta shige sumul. Da wannan dabarar yake taƙama har a harabar coci.

Christabel 'yar kawunsa ce. Ta gama jami'a da bautar ƙasa, ta yi wata tara a Samaru tana yawo da takardu wajen neman aiki. A Satumban 2008 wata makarantar kuɗi a Hanwa ta karɓi takardunta, aka ce ta jira saƙon waya. Tun daga ranar ko wanka ba ta shiga ba tare da wayar ba.

Wata Talata ta biya ta teburinsa don su gaisa.

"Ƙanwata, ara mini wayarki minti goma. Irin ta wani kwastoma ce, gwaji zan yi."

"Yaya, saƙo fa nake jira."

"Saƙon ƙafa gare shi da zai gudu? Je ki sayo mana gyaɗa."

Tana ba da baya ya mayar da wayar 2006. Yana cikin kokawa da lasisi saƙo ya shigo ya tare masa fuskar waya, ya danna ya kawar da shi, ko suna bai duba ba. Da ya gama ya gyara kwanan wata, ya miƙa mata, bai ambaci saƙon ba. Saƙon kuwa ya ɗauki tsohuwar shekara, ya gangara can ƙasa, ƙarƙashin saƙonni ɗari uku.

Sai ranar Litinin ta gan shi ɗauke da shekarar 2006, tana share tsofaffin gaisuwar Kirsimeti: daga makarantar ne, wai ta zo ganawa ranar Alhamis ƙarfe tara. Alhamis ɗin da ta wuce ke nan! Ta hau acaɓa zuwa Hanwa. Shugabar makarantar ta ce sun jira ta har sha ɗaya, sun ɗauki wata.

Daga can teburin Othniel ta nufa.

"Ai laifin wayar ne," in ji shi, idonsa a kan kwamfuta. "Kuma kin san in Allah bai nufa ba..."

"Kada ka sa Allah a ciki, Yaya! Allah ne ya taɓa mini kwanan wata?"

Ɗaliban da ke jiran layi suka kwashe da dariya. Har shi ma ya yi murmushi, babban mutum da shi, mai 'ya'ya uku, wanda ya taɓa tsayawa gaban aji. Ko haƙuri bai ba ta ba. Cewa ya yi ta bar masa takardunta, ya san wani.

Ba ta bar masa ba. Ta matse su a ƙirji ta taka zuwa tasha, ta shiga bas ɗin Samaru. Makarantar ta buɗe a makon da ya biyo baya, ba da ita ba.