Bu Sutarmi, wadda ta san mu ta tsokar cinya

Ƙarfe shida na safe Bu Sutarmi ("Bu" a wajenmu na nufin Mama) take jingine kekenta a bayan asibiti, ta sauka ɗakin ƙasa inda babu taga, sai gurnanin firji. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A kawo mata tsokar mutum kamar ƙwayar wake, da lamba a jikin kwalba, ta daskarar, ta yanka siriri, ta rina, ta duƙa kan madubin awo. Da rana ta ci shinkafarta da tempe, wainar waken soya, ita kaɗai, don na sama ba sa son warin ɗakin.

Ni shaida ce. Shekara tara fatar idona tana rufowa, ƙafafuna suna mutuwa kafin in hau matakala goma. Uwata ta ce iska ce ta shige ni, ta yi ta kankare min baya da kwabo har ya yi jawur. Mijina kuwa cewa yake, "Wening, barci kike ko kallona kike? Lalaci dai, ba sai an kai shi asibiti ba." Na yi kuka har na fara yarda da shi.

Da aka yanki tsokar cinyata, likita ya duba ya ce ba komai. Wata nas ce ta ba ni labarin sauran. Bu Sutarmi ta sake yankawa har sau uku, ta hau sama da gilashin da ta ɗora tsokar a kai a hannu ba tare da an kira ta ba. "Dokta, a yi haƙuri a ƙara dubawa. Jan nan na gefe ba rini ne ya zuba ba." Ashe mitokondiriya, ƙananan murhunan da ke mayar da abinci ƙarfi a tsoka da jijiya, nawa ba sa kamawa sosai. Ban warke ba, amma ba wanda ya sake ce min malalaciya.

Makon jiya ta yi ritaya. Mutum biyar suka zo walimar bankwana, ni ta shida. Ta yanke kan tulin shinkafa rawaya, wanda ake miƙa wa mafi kusanci da zuciya, ta tsaya da faranti tana waige-waige. Ba miji, ba ɗa.

Na ce, "Bu, ni ce Wening." Sunan bai gaya mata komai ba. "Cinyar hagu. Wadda kika hau sama dominta."

Ta daɗe tana kallon idona. "Ashe haka kike, 'yar nan. Duk shekarun nan ban taɓa ganin fuskar ko ɗayanku ba." Ta miƙo min farantin.

Ke ce mai ido, Bu Sutarmi, ke kika gaskata ni tun ba ki san ni ba. Na gode. Masu aikin da ba a gani, ku yi naci irin nata. Mu kuma da muka amfana, mu riƙa sauka ƙasa muna gaishe su. Ni shekara goma sha huɗu na yi kafin in sauka, kuma ina jin kunyar hakan.